Don Wa Ake Kama Ɓarawon Littafi?

Kwanakin baya na kai ziyara gidan yayata, na iske ɗanta, yaro ɗan shekara goma sha shida, ya duƙufa a kan waya a zaure, ko sallamata bai ji ba. Da na leƙa sai na ga labari ne cikin zane yake karantawa, irin na mutanen Japan da suke kira manga. Ya ce mini sunan labarin One Piece, wai wani mai zane ne Eiichiro Oda yake yin sa tun 1997, tun kafin iyayensa shi yaron su yi aure, kuma har yau bai ƙare ba. Na tambaye shi nawa ya saya. Ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, wa yake sayen wannan? Ai kyauta ne a intanet."

Na buɗe baki zan yi masa faɗa, domin a watan ne wani aboki ya turo mini littafina, an ɗauki hotonsa shafi-shafi ana rabawa a WhatsApp, har yana taya ni murna wai na yi suna. Amma sai na tuna daren jiya ni ma na kalli fassarar fim ɗin Indiya, ban kuwa tambayi kowa ko an nemi izinin masu shi ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sai na haɗiye faɗan, na koma gida ina tunani. Wannan tunani ne nake so in baje a gabanku, 'yan uwa marubuta, kuma zan bi ta kan abin da ya faru a Japan, inda gwamnati ta yi shekaru tana yaƙi da masu satar manga da fina-finan zane da ake kira anime, don mu ga yadda adalci yake a cikin irin wannan yaƙi.

Yadda abin ya faru

A shekarar 2016 aka buɗe wani shafin intanet mai suna Mangamura, wato ƙauyen manga. Ya tara dubban littattafai da mujallu ba tare da izinin masu su ba, kowa ya shiga ya karanta ba ko sisi, shi kuwa mai shafin yana samun kuɗi daga masu talla. Zuwa farkon 2018 ana ziyartarsa fiye da sau miliyan 100 a wata. Ƙungiyar CODA, wadda kamfanonin Japan suka kafa a 2002 don kare kayan fasaharsu a ƙasashen waje, ta ƙiyasta asarar da shafin ya jawo cikin wata shida ta kai kimanin yen biliyan 320.

A watan Afrilu na 2018 gwamnati ta fito ta ce ya dace kamfanonin sadarwa su toshe hanyar shiga Mangamura da wasu shafuka biyu na fina-finan zane, Anitube da MioMio. A cikin watan ne shafin ya ɓace. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya: a watan Yuli na 2019 aka cafke mai shafin, Romi Hoshino, a birnin Manila na ƙasar Filifin, aka mayar da shi Japan. Kotu a Fukuoka ta ɗaure shi shekara 3 a 2021, da tarar yen miliyan 10, aka kuma ƙwace kimanin yen miliyan 62 na abin da ya tara. A watan Afrilu na 2024 wata kotu a Tokiyo ta umarce shi ya biya manyan kamfanonin ɗab'i uku, Shueisha da Shogakukan da Kadokawa, diyyar kimanin yen biliyan 1.7 a kan labarai 17 kacal.

Abin bai tsaya kan mutum ɗaya ba. Tun a 2012 dokar Japan ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar yen miliyan 2, ga wanda ya sauke waƙa ko fim da ya san na sata ne. A 2020 aka faɗaɗa dokar, daga ranar 1 ga Janairu 2021 ta haɗa da manga da sauran rubuce-rubuce. Yaƙin ya kuma tsallaka iyaka. A 2023 'yan sandan ƙasar Sin suka kama masu shafin B9GOOD bisa ƙorafin CODA, a shekarar ce kuma hukumomin Birazil suka yi dirar mikiya a kan shafukan satar anime da ke ƙasarsu.

Shin sata ce?

Tambaya ta farko da masu kare waɗannan shafuka suke yi ita ce: me aka sata? In na kwance akuyarka, ka wayi gari ba akuya. In kuwa na kwafi littafinka, naka yana nan a kan kanta, ko ƙura ban taɓa masa ba. To ina satar? Wannan tambaya ba ta wauta ba ce, kuma bai kamata marubuci ya amsa ta da zagi ba.

Amsar da ta gamsar da ni ita ce, littafi ba takarda ba ne kawai. Mai zanen manga da yake fita kowane mako yana zana shafi kusan ashirin cikin kwana bakwai, mako bayan mako, shekara bayan shekara, kuma daga aljihunsa yake biyan yaran da suke taya shi. Kuɗin shafi da mujalla take ba shi sau da yawa a wurin biyan yaran nan da kuɗin hayar ɗakin aiki yake ƙarewa. Ribarsa ta gaskiya sai an tara babobin an buga su littafi, a ba shi kimanin kashi 10 cikin ɗari na kuɗin kowane kwafi. Wato yana noma ne da damina bisa begen kaka. Wanda ya kwashe littafin ya raba kyauta bai ɗauke masa gona ba, gaskiya ne, amma ya riga shi shiga kasuwa da amfanin gonar, ya karyar da farashinsa har ƙasa. Kwanakin da mutumin ya ɓatar a kan tebur ba su dawowa. Su aka sata.

Akwai kuma wani haƙƙi da ba na kuɗi ba, wato ikon mai aiki ya ce ga ranar da aikina zai fita, ga kuma yadda zai fita. Wasu shafukan suna sakin babi tun kafin mujallar ta shiga kanti. Duk marubucin da aka taɓa karanta masa rubutu a bainar jama'a kafin ya gama gyara shi ya san zafin wannan. Malamanmu ma sun duba al'amarin. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba.

Saboda haka game da mai shafin Mangamura ba ni da wata tantama. Mutumin da ya tara guminka ya jera talla a kansa yana cin riba, ɗan kasuwa ne da ya buɗe kanti da kayan wasu, ko da kuwa yana kiran kansa mai taimakon talakawa. Ɗaurin da aka yi masa bai yi yawa ba. Wahalar tunanin tana farawa ne daga inda aka bar shi aka juyo kan sauran mutane.

In ɓera da sata

Kafin kamfanonin Japan su waiwayi kasuwar duniya, masoya ne suka kai musu kayansu can. Tun zamanin kaset na bidiyo, ɗalibai a Amurka da Turai suke fassara anime su rubuta fassarar a ƙasan hoto, su aika wa juna ta gidan waya. Da intanet ta zo sai wasu suka riƙa sayen mujallar a Japan, su ɗauki hotonta, su goge rubutun Japananci su sa na harshensu, a kwana ana aiki ba ko kwabo. Da yawa daga cikinsu suna da ƙa'ida a tsakaninsu: ranar da aka sayi izinin buga labarin a ƙasarsu, ranar za su janye nasu. A idon doka laifi suka yi. Amma su ne suka shuka son abin a zukatan miliyoyin mutanen da yau suke saye da kuɗinsu.

Babban abin mamaki shi ne labarin Crunchyroll. An buɗe shi a Amurka a 2006, kuma abin da ya fara tara masa jama'a shi ne anime da mutane suke ɗorawa ba izini. A farkon 2009 ya kwashe na sata, ya ƙulla yarjejeniya da masu kaya, ya koma nuna sabon kashi jim kaɗan bayan an nuna shi a Japan. A 2021 kamfanin Sony ya saye shi a kan dala biliyan 1.175. Wanda ya fara da tsallaka katanga, yau shi ne mai gadin ƙofa. Tarihi ma ya san irin wannan. Ƙasar Amurka, da take kan gaba a yau wajen kare haƙƙin mallaka, ba ta fara kare marubutan ƙasashen waje ba sai a 1891. Charles Dickens ya je can a 1842 ya yi ta kuka da yadda ake buga littattafansa ba a ba shi ko anini, jaridu suka yi masa ca.

Me wannan yake nuna mana? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Yaron da yake Kano ko Damagaram, wanda ba kantin da ke sayar da manga a garinsu, wanda farashin dala ya fi ƙarfin aljihun ubansa, ba shi da wata ƙofa da zai bi a da ban da ta sata. Lissafin yen biliyan 320 ɗin nan ma an yi shi ne kamar duk wanda ya karanta kyauta da zai saya in babu shafin, alhali mun san ba haka ba ne. Ga kuma wani abu. A 2020 kasuwar manga a Japan ta kai kimanin yen biliyan 612, ta wuce matsayin da ta taɓa kaiwa mafi girma a 1995, a 2024 kuma ta haura biliyan 700, mafi yawan cinikin ta waya da kwamfuta. A tsakanin shekarun nan ne kuma satar ta sake bunƙasa, wasu shafuka suka maye gurbin Mangamura daga ƙasashen waje. Wato mutane suna biya in aka sauƙaƙa musu hanyar biya, ko da ɓarawo yana nan a maƙwabta.

Sai dai in ja hankalinmu. Uzuri yana rage laifi, amma ba ya mayar da kayan wani naka. Wanda yunwa ta sa ya ƙaryi rake a gonar wani muna yi masa afuwa, ba ma cewa gonar ta zama tasa. Kuma uzurin yana ƙarewa ranar da aka kawo masa abinci. Tun watan Janairu na 2019 kamfanin Shueisha ya buɗe MANGA Plus, inda mai karatu a kusan ko'ina a duniya zai karanta sababbin babobin labarai da yawa kyauta, da izinin masu su, a ranar da suka fita a Japan. Wanda ya san da wannan ya ci gaba da zuwa wurin ɓarawo, ba ƙishirwa ce take kai shi ba kuma, sabo ne.

Garin neman gira

Tambaya ta biyu ita ce ta sandar da gwamnati ta ɗauka. Da aka yi maganar toshe shafuka a 2018, lauyoyi da malaman jami'a da kamfanonin sadarwa da yawa suka tashi haiƙan. Hujjarsu ita ce Sashe na 21 na kundin tsarin mulkin Japan ya hana tace magana, ya kuma hana keta sirrin sadarwa. Kafin ka toshe wa mutum hanyar wani shafi, sai ka duba duk inda kowa yake nufa, mai laifi da marar laifi. Kuma gwamnatin ba ta bi ta majalisa ko kotu ba, ambaton sunayen shafuka ta yi ta ce a rufe. Kwamitin da aka kafa don tsara dokar toshewa ya tashi baram-baram a watan Oktoba na wannan shekara, ba a cimma matsaya ba.

A 2019 kuma aka kawo daftarin dokar da za ta haramta sauke kowane irin abu na sata, har ana fargabar wanda ya ɗauki hoton fuskar wayarsa zai iya faɗawa ciki. Abin lura shi ne waɗanda suka fi ɗaga murya a kan daftarin har da masu zanen manga kansu da ƙungiyarsu, wato mutanen da aka ce don su ake yin dokar. Cikinsu akwai Ken Akamatsu, mai Love Hina, wanda daga baya aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawa a 2022. Sun ce mai zane shi ma yana tara hotuna don nazari, kuma a cikin masu kwaikwayon zanen wasu ne gwanayen gobe suke fitowa. Aka janye daftarin a watan Maris. Wanda aka zartar a 2020 ya ware wanda ya sauke ɗan kaɗan, ya kuma taƙaita ɗauri ga mai yi da gangan, yana maimaitawa.

Ni a ganina wannan shi ne abin da ya fi daraja a cikin labarin duka. Mutanen da ake sace wa abinci suka ƙi yarda a kare su da makamin da zai iya juyowa kan alƙalami. Mu marubuta mun fi kowa sanin cewa hukumar da aka ba ikon rufe shafi yau saboda sata, gobe tana iya rufe wani saboda ya faɗi abin da ba ta so. Makulli ba ya tambayar ƙofar wa zai kulle. Garin neman gira kada a rasa ido.

Kura da shan bugu

Saura tambayar da na sa a kan wannan maƙala. Duk sanarwar da aka fitar in an kama ɓarawo, da sunan mai fasaha ake fitar da ita. To mai fasahar nawa yake samu? A binciken da ƙungiyar masu zanen fim ta JAniCA ta wallafa a 2015, masu zanen tsaka-tsaki, wato matasan da suke cike motsin da ke tsakanin manyan zane-zane, abin da suke samu a shekara kimanin yen miliyan 1.1 ne, kuɗin da ba ya riƙe mutum a Tokiyo. Da yawansu a kan kowace takarda ake biyansu, wajen yen 200. Dalili kuwa tsari ne. Yawancin anime haɗin gwiwar kamfanoni ne yake zuba kuɗin yin sa, gidan talabijin da mai ɗab'i da mai kayan wasa da mai talla, kuma su suke riƙe da haƙƙin mallaka. Ɗakin zane ɗan kwangila ne, a biya shi a sallame shi. In fim ya yi kasuwa a duniya, ribar ba ta cika gangarowa kan wanda ya kwana yana zane ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Wasu masu satar sukan fake da wannan su ce, tunda kuɗin ba ya kai wa mai zane, don me za mu biya? Hujjar banza ce. In an biya yana samun kaɗan, in an sata ba ya samun komai, kuma ban taɓa jin shafin sata ya aika wa mai zane yen ɗaya ba. Amma hujjar tana da kaifi in aka juya ta kan gwamnati da kamfanoni. Wanda ya tura 'yan sanda har Manila da sunan gumin mai fasaha, wajibi ne a kansa ya duba gumin da ake sha a cikin gidansa. Zalunci iri biyu ne ke kan mai zane, na ɓarawon da ya shigo ta taga da na maigidan da ya rubuta yarjejeniya. Doka tana ganin na farko da sauri domin mai ƙorafin babba ne. Na biyu kuwa sa hannu aka yi, sai a ce yarda ce, ko da yunwa ce ta riƙe alƙalamin.

Kammalawa

Abin da na fahimta shi ne, yaƙi da satar fasaha yana zama adalci in ya cika sharuɗɗa huɗu. Ya bambanta mai cin riba da mai ƙishirwa. Ya bi ta kotu, kada ya keta sirrin waɗanda ba su yi laifi ba. Ya zo tare da ƙofar halal da talaka zai iya shiga. Sannan abin da aka ƙwato ya isa hannun wanda ya yi aikin. In ɗaya ya faɗi, abin da ya rage kare dukiyar manya ne da sunan ƙanana.

Wannan ba labarin nesa ba ne a gare mu. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi hanyar neman a sauke aikin sata daga intanet. Ya kamata mu san ta, mu yi amfani da ita a kan masu karanta littattafanmu a bidiyo suna karɓar kuɗin talla ba da saninmu ba. Amma mu tambayi kanmu: mai karatu a Agadas ko a zangon Kumasi da yake son littafinmu da gaske, wace hanya muka buɗe masa ya biya? Yarjejeniyar da muka yi da mai ɗab'i ko mai fim, mun karanta ta kafin mu sa hannu? Mu kanmu, littattafai nawa ne a wayoyinmu da ba mu biya ba? Ba a neman haƙƙi da hannun da yake riƙe da na wani.

Da na koma gidan yayata bayan mako biyu, na karɓi wayar yaron na nuna masa inda zai karanta labarinsa da izinin masu shi, shi ma kyauta. Ya duba ya ce, "To Kawu, tunda duk kyauta ne, mene ne bambancin?" Na ce masa bambancin shi ne a nan mai gida ne ya ce bismilla. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Littafin naka fa, a ina zan same shi in biya?" Ban da amsar da zan ba shi a ranar. Ita nake nema har yanzu, kuma ina ganin aikinmu ne duka a ƙungiyance.